Darasi na 11: Yi wa Wasan da Ka Ƙirƙira Tambarinsa

A darussan baya mun gina wasan dara da Python da Pygame: gidaje 30, layi 5 kowanne da gida 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Wasan yana tafiya yadda ake so. Sai dai duk wanda ya buɗe shi ya dubi kusurwar taga ta hagu daga sama zai ga kan maciji, wato tambarin Pygame. In kuma aka dunƙule wasan ya zama fayil guda aka tura wa wani, hoton da zai fito a kansa na wata manhaja ne can daban. Aikin namu ne, tambarin na wasu. Wannan za mu gyara yau.

Kafin a tashi daga darasin, ana so kowane ɗalibi ya iya zana tambarin da ake ganewa komai ƙanƙantarsa, ya mayar da shi irin fayil ɗin da Windows ke karɓa, sannan ya saka shi a wurare biyun da ake saka shi. Wurare biyu ne, ba ɗaya ba, kuma nan ne mafi yawan masu koyo suke rikicewa.

Wa ake zana wa tambari?

Ku lura da yadda mutane ke amfani da waya a kasuwar Rano, ko a tashar mota ta Kibiya, ko a cikin gidajenmu. Dattijon da bai yi boko ba yana buɗe WhatsApp ya tura saƙon murya ba tare da ya karanta ko baƙi ɗaya ba. Koren nan mai kan tarho a tsakiya yake nema. Facebook kuwa shuɗi ne mai farin baƙi guda. Da yawa daga cikinmu a wannan aji haka muka fara, kuma babu abin kunya a ciki. A wurin irin waɗannan mutane tambari shi ne sunan manhajar, domin rubutun da ke ƙarƙashinsa ba ya gaya musu komai. Idan muna son darar da muka gina ta isa hannun dattawan da suka fi mu iya ta a ƙasa, to da su a rai za mu yi zanen.

Akwai dalili na biyu. A nan yankin manhaja ba kasafai take zuwa daga kantin intanet ba. Hannu da hannu take yawo: ta Xender, ta filashi, ta wurin masu cajin waya da masu tura waƙoƙi da fina-finai. Fayil da ya zo babu tambari, ko da tambarin da bai yi kama da komai ba, ana yi masa kallon bairos, sau da yawa a goge shi ba a ko buɗe ba. Ba na ganin laifin mai gogewa, ya yi hattara ne. Amma kada a juya maganar a ɗauka cewa kyakkyawan tambari shaida ce ta lafiyar fayil. Akwai bairos da ke yawo a filashi sanye da tambarin folda, mutum ya latsa yana zaton folda ce, ashe manhaja ya kunna. Saboda haka ku saita kwamfutarku ta riƙa nuna wutsiyar sunan fayil, wato .exe da .png da .ico, domin Windows ɓoye su take yi in ba a ce ta nuna ba. Za ma mu buƙaci ganinsu a aikin yau.

A fara da ƙarami

Tambari a fuskar kwamfuta ya fara shiga kasuwa sosai ne da na'urar Xerox Star a 1981 a Amurka. Da kamfanin Apple zai fitar da Macintosh a 1984, wata mai zane, Susan Kare, ita ta zana tamburansa. Filin da aka ba ta ɗigo 32 ne a tsaye, 32 a kwance, jimla 1,024, kowane ɗigo ko dai baƙi ko fari. A littafi mai gidaje-gidaje ta fara zanen, tana cike gida tana barin gida, kafin a shigar cikin na'ura. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san wannan aiki: zare ake ƙirgawa, kuma fure ba ya fita sai an bar wani wuri babu ɗinki.

Da takarda mu ma za mu fara, ba da kwamfuta ba. A samo littafin lissafi irin na 'yan firamare mai gidaje, a kewaye gida 16 a tsaye da 16 a kwance. Gidaje 256 ke nan. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar girman da Windows ke nuna tambari, a kusurwar taga da cikin jerin fayiloli. A kan tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawancinmu muke saya na hannu, masu fuskar ɗigo 1366 da 768, ɗigo 16 ɗin nan ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Abin da ka zana a gidajen nan shi ido zai gani.

Abin da kowa yake fara tunani shi ne ya zana allon darar gaba ɗaya. Mu yi lissafi. Gida 6 ne a kwance, filinmu ɗigo 16. Kowane gida bai kai ɗigo 3 ba, kuma a cikin wannan ake so a fitar da rami, da tazarar da ke tsakanin ramuka, da ɗan da ke ciki. Ba zai yiwu ba, dabbare-dabbare kawai za a gani. To mene ne zuciyar dara? Jera uku. Sai mu zana fararen 'ya'ya uku a jere, kowanne faɗin ɗigo 4, da tazarar ɗigo 1 tsakaninsu, a bar ɗigo ɗaya-ɗaya a gefe: 12 da 2 da 2, 16 cif. Wanda ya san dara yana gani zai gane. Wanda bai sani ba ma zai iya riƙe siffar a ka, ya sake nemo ta gobe a cikin tambura talatin.

Sai launi. Biyu sun isa, uku shi ne iyaka, kuma dole ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi haske. Ja a kan kore ko ruwan ɗorawa a kan fari suna ɓacewa da zarar an fita rana da waya. Ni shawarata ga wannan wasa ita ce launin baba. A labarin Hausa Bakwai, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano su ne sarakunan baba, saboda rini da saƙa. Wasan da aka gina a ƙasar Autan Bawo, wato Rano, ya fito da shuɗin baba a bayansa, abu ne da ya dace, kuma fari yana fita tas a kansa. A manhajar zane ana samun launi mai kama da shi in aka sa ja 31, kore 42, shuɗi 107. Wanda ya ga ya yi masa duhu ya ƙara haske kaɗan, ba doka ba ce.

Wasu za su so dagin Arewa. Dagi yana da kyau a jikin bango da gaban riga, amma layukansa masu shiga juna suna cakuɗewa a ɗigo 16, kuma ko ya fita, abin da yake cewa shi ne Arewa, bai ce dara ba. Wasu za su so duwatsun Rurum ko ruwan Tiga. Waɗannan a ajiye su don shafin farko na wasan, inda akwai fili. Rubutu ma haka: kalma cikakkiya ba ta karantuwa a tambari, baƙi ɗaya babba ne kawai yake tsira.

Akwai kuma abubuwan da ba namu ba ne balle mu ɗauka. Tambarin masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, na masarauta ne. Haka hoton sarki, da tambarin gwamnati, da na jam'iyya, da na Kano Pillars. Wanda ya liƙa ɗayansu a wasansa ya nuna wa jama'a kamar su suka yi wasan ko suka amince da shi, alhali ba haka ba ne. Hoton da aka tsinto a intanet ma yana da mai shi. Ina kuma roƙon kada a sa aya ko sunan Allah a tambarin wasa, domin abu ne da ake ja a jefa a kwandon shara na kwamfuta kullum.

Daga takarda zuwa fayil

In zanen takarda ya zauna, sai a sake shi da girma a kwamfuta: murabba'i mai ɗigo 512 kowane gefe. Manhajar zane ta GIMP kyauta ce kuma ta isa. Wanda ya fi sabawa da PixelLab a waya ya yi a can ya turo. A adana shi a matsayin PNG, kada a yi JPG. Dalili shi ne PNG yana iya barin wani sashe babu launi sam, a riƙa hango abin da ke bayansa. Idan tambarinka mai zagayayyun kusurwoyi ne ka adana shi a JPG, zai fito da farin akwati kewaye da shi. Sunan fayil kuma a yi shi da baƙaƙe marasa lanƙwasa, babu tazara: tambari.png, dara.ico. Ƙ da ɗ da ɓ suna da wurinsu a sunan wasan da zai fito a saman taga, amma a sunan fayil wasu kayan aiki suna tuntuɓe da su.

Windows ba ta karɓar PNG a matsayin tambarin manhaja. ICO take so, kuma ICO ba hoto ɗaya ba ne: fayil ne da ke ɗauke da hotuna da yawa na abu guda, kowanne da girmansa, Windows ta zaɓi wanda ya dace da wurin. Na 16 don kusurwar taga, na 24 don zirin ƙasan fuska inda manhajojin da ke buɗe suke jeruwa, na 32 da 48 don fuskar kwamfuta da cikin folda, na 256 don lokacin da aka ce a nuna tambura manya. Wannan babban ya shigo ne da Windows Vista a 2007. Microsoft da kanta waɗannan biyar ɗin take ba da shawarar kada a gaza.

Kada a canza wa tambari.png suna zuwa tambari.ico a ce an gama. Sunan ne ya canza, cikin yana nan PNG, kuma wasu kayan haɗa manhaja za su ƙi shi ko su fitar da fanko. Hanya mai sauƙi ga mu da muke da Python ita ce Pillow. Bayan an saka ta, layuka uku ne:

from PIL import Image
hoto = Image.open("tambari.png")
hoto.save("dara.ico", sizes=[(16,16), (24,24), (32,32), (48,48), (256,256)])

Pillow tana ƙanƙanta babban hoton ne zuwa kowane girma. Sau da yawa hakan ya wadatar. Idan na 16 ya fito dishi-dishi, sai a koma ga zanen takarda: a buɗe GIMP, a zana shi ɗigo-ɗigo yadda yake a littafi, a sa kowane girma a fallensa a cikin aiki guda, a fitar da shi da wutsiyar .ico. GIMP tana mayar da kowane falle hoto ɗaya a cikin fayil ɗin. Ya fi cin lokaci, amma ya fi fita. A adana kuma wani kwafi na PNG mai ɗigo 32, a kira shi tambari32.png.

Wuri na farko: tagar wasa

Tambarin da ke kusurwar taga, wasan ne da kansa yake ɗora shi duk lokacin da ya tashi. Saboda haka a cikin dara.py ake rubuta shi:

import os, pygame
pygame.init()
gida = os.path.dirname(os.path.abspath(__file__))
hoto = pygame.image.load(os.path.join(gida, "tambari32.png"))
pygame.display.set_icon(hoto)
allo = pygame.display.set_mode((600, 500))
pygame.display.set_caption("Dara")

Abu biyu za a kula da su. Layin set_icon ya zo kafin layin set_mode, domin wasu kwamfutoci ba sa yarda a canza tambari bayan taga ta riga ta buɗe. Sannan layin da muka kira gida ba ado ba ne. Shi yake gaya wa wasan ya nemi hoton a inda shi kansa yake zaune. In babu shi, wasan zai yi aiki lafiya a kwamfutarka, ya je kwamfutar wani ya mutu tun kafin ya buɗe, saboda ya nemi hoton a wata folda bai samu ba.

Mai yiwuwa bayan wannan ku ga kusurwar taga ta canza amma zirin ƙasa yana nuna tambarin Python. Ba kuskurenku ba ne. Muddin ta cikin Python ake kunna wasan, Windows tana lissafa shi a matsayin Python. Mataki na gaba yana kawar da wannan.

Wuri na biyu: jikin fayil

Tambarin da ake gani a kan dara.exe tun ba a buɗe shi ba, a cikin fayil ɗin yake a dunƙule, kuma lokacin haɗawa ake saka shi. Da PyInstaller, manhajar da ke dunƙule wasan ya zama fayil guda, umarnin a Windows shi ne:

pyinstaller --onefile --windowed --icon=dara.ico --add-data "tambari32.png;." dara.py

Sashen --icon shi ke saka ICO a jikin fayil. Sashen --add-data shi ke cusa ƙaramin PNG a cikin ƙunshin don taga ta same shi. Wanda ya sa na farko ya manta na biyu, fayil zai yi kyau a ido amma ya ƙi tashi. Wanda ya sa na biyu ya manta na farko, taga za ta yi daidai amma fayil ya fito da tambarin PyInstaller. Sakamakon yana cikin folda mai suna dist.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake yawan nuna wa mutane: a yi wa wasan 'yar manuniya a fuskar kwamfuta, a latsa ta da maɓallin dama, a canza mata tambari. Tana aiki, amma a kwamfutarka kaɗai. Manuniyar ce ta canza, ba wasan ba. Ranar da ka sa dara.exe a filashi ka kai wa wani a Saya-saya ko Lausu, da tsohon tambarinsa zai isa.

In an yi komai daidai amma tsohon tambari ya ƙi tafiya, kada a yi saurin rushe aiki. Windows tana ajiye kwafin tamburan da ta taɓa gani don kada ta riƙa karanto su kullum, kuma takan daɗe ba ta sabunta ba. A kwafe fayil ɗin zuwa wata folda, ko a canza masa suna na ɗan lokaci. In sabon tambari ya fito a can, aikinku ya yi, ajiyar Windows ce ta tsufa. Wani lokacin kuma manhajar tsaro takan yi ƙorafi a kan fayil da aka haɗa da PyInstaller ko da lafiyarsa ƙalau. Wannan ba daga tambari ba ne, za mu zo kansa a darasin rarraba wasa.

Masu amfani da Godot, manhajar gina wasanni ta kyauta da Juan Linietsky da Ariel Manzur na ƙasar Ajantina suka sake wa duniya a 2014, su ma wurare biyun nan suke da su: ɗaya a saitin aikin gaba ɗaya, ɗaya a saitin fitarwa zuwa Windows. Kwamfutocin Apple nasu fayil ɗin ICNS ne.

In wasan zai koma waya

Gaskiyar magana, masu waya a Rano da Kibiya sun fi masu kwamfuta yawa nesa ba kusa ba, kuma duk wasan da ya karɓu, wata rana za a ce a kawo shi waya. Android tana da nata tsari. Tun daga Android 8 a 2017, tambari falle biyu ne: na baya, wanda launi ne ko shimfiɗa, da na gaba, wanda shi ne ainihin zanen. Kowace waya tana yanka su da siffar da kamfaninta ya zaɓa. Wata ta yi da'ira, wata murabba'i mai zagayayyun kusurwoyi. Shi ya sa tambari guda yake fita daban a Tecno da Samsung.

A Godot kowane falle ɗigo 432 ne kowane gefe, amma abin da aka tabbatar ba za a yanke ba shi ne da'irar tsakiya mai faɗin ɗigo 264. 'Ya'yan dararmu uku, da muka shimfiɗa daga gefe zuwa gefe a Windows, dole a matso da su cikin wannan da'ira, in ba haka ba waya ta gutsure na farko da na ƙarshe, a bar mu da ɗa ɗaya da rabi biyu. Shuɗin baba shi zai cika fallen baya har bakinsa. Wanda kuma zai kai wasansa Play Store, za a nemi wani PNG mai ɗigo 512, shi ya sa tun farko muka yi babban zanen a wannan girma. A adana shi wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a filashi.

Aikin aji

A zauna bibbiyu. Kowa ya zana tambarin dara a gidaje 16 da 16 da launi biyu, ba tare da ya kwafi na jere uku da muka yi misali da shi ba. Malam ko malama su liƙa zanukan a allo, ɗalibai su koma ƙarshen aji su faɗi wanne suke iya ganewa daga can. Waɗanda suka fita su za a shigar a kwamfuta.

Bayan an haɗa dara.exe, kowane rukuni ya sa nasa a filashi ya buɗe shi a kwamfutar wani rukunin, ya duba wurare uku: jikin fayil, kusurwar taga, da zirin ƙasa. A rubuta abin da aka gani a kowanne.

Aikin gida

1. Wata ɗaliba ta haɗa wasanta, tambarinta ya fito a kan fayil, amma da ta buɗe sai ta ga kan maciji a kusurwar taga. Me ta bari, kuma a wane fayil za ta gyara?

2. Me ya sa canza sunan tambari.png zuwa tambari.ico ba ya wadatarwa?

3. Tambari mai ɗigo 48 kowane gefe, ɗigo nawa ne a cikinsa gaba ɗaya? Ninki nawa ne na mai ɗigo 16?

4. Ka ɗauki hoton tambarinka a waya, ko ka tafi da na takarda, ka nuna wa mutum biyu da suka iya dara amma ba sa karatun boko. Kada ka gaya musu ko mene ne. Ka tambaye su abin da suka gani, ka rubuto amsarsu yadda suka faɗa, ka zo da ita aji na gaba tare da zanen.